Darasi na Bakwai: Yadda Ake Gane Matsalar Barci ga Yara

Ƙaramin yaro ba ya iya faɗin cewa barcinsa bai yi daɗi ba. Mai kwana ɗaki ɗaya da shi ne zai gani, don haka wannan darasi na uwa ne da uba da kaka.

Awa nawa ke isar yaro?

Daga wata 4 zuwa shekara 1, awa 12 zuwa 16. Shekara 1 zuwa 2, awa 11 zuwa 14. Shekara 3 zuwa 5, awa 10 zuwa 13. Duk waɗannan har da barcin rana. Shekara 6 zuwa 12, awa 9 zuwa 12. Ɗan shekara 7 da za a tasa ƙarfe 6 na safe, ya kamata ƙarfe 9 na dare ta same shi ya yi barci.

Minshari

Nan ne aka fi sakaci, domin ana ɗaukar minshari alamar barci mai nauyi. Idan mura ce ta kawo shi, zai tafi tare da ita. Amma yaron da ba ya mura, kuma yana minshari dare 3 ko fiye a mako, a sa masa ido.

Ga yadda za ku duba. Bayan ya yi nisa a barci, ku haska fitila, ku ɗaga rigarsa. Idan ƙirji yana lotsawa amma ba a jin fitar iska, can sai ya zabura ya ja numfashi da gurnani, to hanyar iska ce ke toshewa. Irin wannan yaro yakan kwana baki buɗe, ya ƙage wuya baya, gumi ya jiƙa matashi ko da sanyi ake yi. Yawanci dalilin shi ne girman nama biyu da ke gefen maƙogwaro da wani naman da ke bayan hanci, an kuma fi ganin haka tsakanin shekara 2 da 8. Mai ƙiba da mai sikila sun fi shiga wannan haɗari.

Da rana ba lallai ya yi gyangyaɗi ba. Sau da yawa ƙiriniya ce ke ƙaruwa, ga saurin fushi, ga rashin kama karatu, sai a yi ta dukansa alhali barci ne bai samu ba. Kada a kai shi wurin wanzami a cire beli. Ba belin ne ya toshe hanya ba, kuma yankan na iya jawo zubar jini da shigar ƙwayar cuta. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne zai duba.

Firgita, mafarki da farfaɗiya

Firgitar dare tana zuwa awa 1 zuwa 3 bayan kwanciya. Yaro ya tashi zaune yana ihu, ido buɗe, bai gane kowa ba, da safe kuma bai tuna komai ba. Kada a jijjiga shi ko a watsa masa ruwa. A zauna kusa har ya koma. Mugun mafarki kuwa wajen asuba ya fi zuwa, yaro ya farka sarai ya ba da labari. Mai tafiya cikin barci a mayar da shi shimfiɗa a hankali, a rufe rijiya, a kashe murhu, a sa sakata inda hannunsa bai kai ba.

Amma idan jiki ya sandare, ko yana fizge-fizge, ko ya ciji harshe, ko abin ya maimaita iri ɗaya sau da yawa a dare guda, ana zargin farfaɗiya. A yi addu'a, a kuma tafi asibiti. Yaro mai zazzaɓi da aka kasa tayarwa kuwa, ba a jira gari ya waye.

Ƙananan dalilai

Kafin a tsorata, a duba sauro da kuɗin cizo. Sosa dubura da dare alamar tsutsar ciki ce. Shayi da lemon kwalba mai baƙi da kallon waya bayan isha'i suna korar barci. Fitsarin kwance kafin shekara 5 ba cuta ba ne, amma wanda ya daina wata 6 sannan ya dawo, a gwada masa fitsari. Kada a ba yaro maganin mura ko na tari don ya yi barci.

Aikin gida

Ku ja layi huɗu a littafinku: lokacin kwanciya, lokacin tashi, sau nawa ya farka, abin da kuka gani. Ku cike na kwana 14. Mai waya ya ɗauki bidiyon minti 2 lokacin minsharin, ƙirji a buɗe. Ku tafi da littafin da bidiyon ranar ganin likita.