Kurakuran masu kiwon kare a Maraɗi: bulala da sarƙa ba su yin karen gadi

Daga unguwar Zariya har ta Ali Ɗan Sofo, gidajen da ke ajiye kare don gadi sai ƙaruwa suke, kuma ɓarnar iri ɗaya ce: a samo kwikwiyo, a ɗaure, a yi ta duka, bayan wata shida a ce karen banza ne.

Mafi muni shi ne dukan da ya zo a makare. Kare yana danganta abin da ya yi da abin da ya same shi ne cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ka dawo daga kasuwa da la'asar, ka tarar ya yayyage takalmi tun hantsi, ka kira shi, ya zo yana kaɗa wutsiya, ka zabga masa bulala. Shi fa ya manta da takalmi. Abin da ya gane kawai, amsa kiranka wuya yake jawowa. Ran da ya fice titi, ko muryarka za ta dushe ba zai zo ba, kuma kai ka koya masa haka.

Gyaran na buƙatar haƙuri da ɗan nama. Ni hanta nake fifitawa, dafaffiya, ba gishiri ba yaji, a yanka kamar ƙwayar wake. Kafin ya ci abincinsa, tsaya taku uku daga gare shi, kira sunansa, ce "zo" sau ɗaya. Yana isowa ka ba shi, nan take. Minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a yini, da sassafe da bayan rana ta yi sanyi. In ya kama a tsakar gida, sai a ƙara nisa, sannan zaure, sannan ƙofar gida da doguwar igiya. Zama ma haka: ɗaga naman bisa hancinsa ka ja shi baya kaɗan, da kansa zai zauna. Idan ya ƙware, a daina ba shi kowane karo, wani lokaci shafa da yabo sun wadatar. Takalmi kuwa a ɗauke shi daga ƙasa, a ba kwikwiyo abin taunawa, domin har wajen wata shida yana famfara, dasashinsa na ƙaiƙayi.

Na biyu, ɗaurewa a bayan gida don wai ya yi zafi. Haba jama'a! Dabba mai rai, a sarƙar da ba ta kai mita biyu ba, cikin ranar Afrilu da ke haura digiri 40, kaskon ruwa a kife, sannan a sa masa barkono cikin abinci a ce yana ƙara faɗa? Wannan zalunci ne, kuma ba ya haifar da jarumta, tsoro yake haifarwa. Matsoracin kare ba ya bambance ɓarawo da almajirin da ya zo bara, ko ɗan maƙwabci. Daga mako uku zuwa wajen mako goma sha biyu kwikwiyo ke koyon abin da ba abin tsoro ba ne. A wannan tsakanin ya kamata ya saba da yaran gida, awaki, kaji, ƙarar babur da baƙin da ke sallama. Wanda ya san mutanen kullum shi ke yin haushi idan baƙon dare ya taɓa katanga. A ba shi inuwa, ruwa da ba ya yankewa, da yawo safe da yamma.

Kuma kada a doke shi don ya yi gurnani. Gargaɗi ne, in ka hana shi, sai ya koma cizo ba sanarwa. A janye yaro, a duba abin da ya tsorata shi.

Sauran ƙanana ne. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas. Mutanen gida su tsaya kan kalma ɗaya, ba wannan ya ce "zo" wancan ya ce "taho" ba. Ragowar miya mai albasa da tafarnuwa na lalata masa jini, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soke hanji. Yanke kunne ba ya ƙara komai sai ciwo.

Allurar ciwon haukan kare a yi ta wajen likitan dabbobi yana wata uku, a riƙa sabuntawa a lokacin da likita ya sa. In ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a wuce asibiti a ranar, a tsare karen kwana 10 ana lura da shi.