Darasi a Kan Ƙwannafi: Abin da Ke Kawo Shi da Yadda Ake Samun Sauƙi

Karatu

Wani magidanci direba ne. Tun asuba yake fita tasha, ba ya dawowa sai bayan sallar isha'i. Yini guda ba abin da ke shiga cikinsa sai goro da shayi. Da ya dawo, uwargida ta ajiye masa malmalar tuwon masara uku da miyar kuka. Ya zuba man shanu, ya barbaɗa yaji har miya ta yi ja, ya share kwano tas, ya kora da ruwa, ya miƙe a katifa.

Can tsakar dare ya farka, ƙirji kamar an zuba masa garwashi. Ya yi gyatsa, wani ruwa mai tsami ya taso masa har maƙogwaro.

"Maigida, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Abin nan ne ya sake tasowa."

"Sannu. Bari in jiƙa maka kanwa."

Abin da ke damun wannan bawan Allah shi ne ƙwannafi. Wasu kan ce ƙwarnafi.

Daga ina zafin yake zuwa?

Idan ka haɗiye loma, tana bin wata hanya mai tsawon kamar santimita 25 kafin ta faɗa ciki. A cikin akwai wani ruwa mai tsami ƙwarai, shi ke narkar da abinci. Ciki ba ya jin zafinsa, don yana da wata majina da ta shafe bangonsa. Hanyar abinci kuwa ba ta da irin wannan kariya.

A mahaɗar hanyar da ciki akwai wani nama da ke tsukewa kamar bakin jakar da aka zuge. Yana buɗewa loma ta wuce, sannan ya rufe. Idan ya saki, ko ciki ya cika maƙil ya tura shi, sai ruwan tsamin ya haura sama ya ƙona hanyar. Wannan ƙunar ita kake ji a ƙirji.

Ka ɗauki jarkar manja mai sakakken murfi. Tana tsaye, ba ta zuba. Ka cika ta har baki ka kwantar da ita, me zai faru? To, haka direban nan ya yi wa cikinsa. Mutane sun fi ɗora laifi a kan yaji, kuma yaji yana da nasa laifin, amma a ganina cika ciki da kwanciya nan take sun fi shi ɓarna.

Abinci mai maiƙo yakan daɗe a ciki, irin su ƙosai, soyayyen nama da fanke. Sigari na sassauta bakin cikin. Goro, kofi, shayi mai kauri da lemon kwalba suna tayar wa mutane da yawa. Haka ma teɓa da ɗamara mai matse ciki. Sai dai kowa da cikinsa: wani zoɓo ne ke tayar masa, wani ko a jikinsa.

Abin da za a yi a gida

A ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, maimakon a tara yunwar yini a huce ta kan tuwon dare. Bayan cin abinci a bari awa 3 ta wuce kafin a kwanta. Wanda ke kwanciya ƙarfe 10, ya gama cin abinci ƙarfe 7. Direba ko ɗan kasuwa da ba zai iso gida da wuri ba, ya ci mai nauyin da rana, na dare ya zama ɗan kaɗan.

A ɗaga gado ta wajen kai da kamar santimita 15. Bulo mai inci 6 a ƙarƙashin kowace ƙafa ta wajen kai ya isa. Mai kwana a ƙasa ya naɗe bargo ya cusa ƙarƙashin katifa, yadda ƙirji zai fi ciki tudu. Tara filo ba ya yi, wuya kawai yake ɗagawa, ya lanƙwasa ciki. Kwanciya ta gefen hagu ma tana rage tasowar ruwan.

Da azumi abin yakan yi yawa. An sha ruwa, ga kunun tsamiya, ga ƙosai, ga soyayyar doya, duk a zama ɗaya. Da asuba kuma a yi sahur a koma barci. A buɗe baki da dabino da ruwa, a yi sallah, sannan a ci a hankali.

Mai juna biyu ta fi kowa sanin ƙwannafi, musamman idan ciki ya tsufa yana tokare sama. Yawanci yana tafiya bayan haihuwa. Ta gaya wa ma'aikaciyar jinya ranar awo, kada ta sha magani da ka.

Kanwa da maganin kemis

Gaskiya ne kanwa na kashe tsami, shi ya sa ake jin sanyi bayan an sha. Amma tana ɗauke da gishiri mai yawa, kuma wannan haɗari ne ga mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mai ciki ko jego. Ba abin mayarwa ruwan sha ba ce.

A kemis akwai farin maganin ruwa da ake kira Mist Mag, da wasu irinsu Gaviscon. Suna kwantar da zafi nan take, amma na ɗan lokaci. Idan ana shan wani magani, kamar ƙwayar ƙarin jini, a raba tsakaninsu da awa 2. Akwai kuma omeprazole, mai rage yawan ruwan tsamin. Shi ana shansa ne da safe, rabin awa kafin karin kumallo, bisa shawarar likita.

A yi hattara da maganin ciwon jiki. Ibuprofen, diclofenac da asfirin suna cin bangon ciki, har su kai ga gyambon ciki, wato olsa. Masu aikin ƙarfi kan sha su kullum da yamma, wani lokaci cikin haɗin da ake ƙulla musu a leda ba suna. Ka tambayi mai kemis abin da ya ba ka.

Yaushe za a tafi asibiti?

Idan ƙwannafi ya yi mako 3 yana zuwa kusan kullum, a ga likita. Kada a jira ko kwana ɗaya idan abinci na maƙalewa wajen haɗiya, ko ana aman jini, ko bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, ko mutum na ramewa ba dalili.

Akwai kuma ciwon zuciya da ke shigowa da kamar ƙwannafi. Idan ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora dutse, ciwon ya sauka hannu ko ya hau muƙamuƙi, ga zufa, ga numfashi sama-sama, wannan ba na jiƙa kanwa ba ne. A nemi mota nan take.

Aiki

1. Waɗanne abubuwa direban nan ya yi da suka jawo masa ƙwannafi?
2. Idan za ka kwanta ƙarfe 11, ƙarfe nawa ya kamata ka gama cin abinci?
3. Ja layi uku a littafinka: abin da na ci, ƙarfe nawa, na ji ƙwannafi ko ban ji ba. Cika shi har kwana 7, ka zo da shi aji mako mai zuwa.