Darasi: Haɗa Kwamfuta Biyu da Waya Ɗaya Don Kwashe Fayil

Idan kuna da kwamfuta biyu a wuri ɗaya kuna so ku kwashe hotuna ko bidiyo ko takardun aiki daga wannan zuwa waccan, ba sai da intanet ba, ba sai da data ba, kuma ba sai an yi ta zarya da filashi ba, a cika a juye a dawo a sake cikawa. Waya ɗaya ta wadatar.

Wayar da muke nufi ita ce kebul ɗin Ethernet, wasu su ce wayar LAN. Ku ɗauke ta ku duba kanta da kyau, roba ce garai-garai mai ɗan harshe a baya, a ciki za ku hango siraran wayoyi 8 masu launi a jere, sunan wannan kan RJ45. A jikin wayar za ku ga an buga Cat5e ko Cat6, duk wadda kuka samu a cikin biyun ta yi, iyaka dai kar tsawonta ya wuce mita 100. A da sai an nemo wata ta musamman da ake kira crossover wadda aka juya wayoyin cikinta, amma kwamfutocin yanzu masu ramin gigabit, wato ramin soka waya mai saurin gudu, su da kansu suke gane kowace iri aka soka musu. Laftof ɗin da ta yi siriri ba ta da ramin kuma sai a haɗa mata adafta ta USB.

Ku soka kai ɗaya nan, ɗaya can, ku tura har ku ji ƙas. A yawancin kwamfutoci ƴar fitila za ta kama a bakin ramin tana ƙiftawa. In ba ta kama ba kuma allo ya nuna waya ba ta haɗu ba, to ku tsaya nan, kar ku taɓa saitin komai tukunna, ku zare ku sake sokawa ko ku canza wayar, don sau da yawa ɗan harshen nan ne ya karye kan ba ya zama daram.

Toh yanzu sai adireshi, kuma nan ne mutane suka fi karaya alhali abin ba wuya. Kamar gidaje biyu ne a layi ɗaya, sunan layin dole ya zama ɗaya amma lambar gida kowa da tasa. A Windows 10 ko 11 ku danne maɓallin Windows tare da R, ku rubuta ncpa.cpl ku danna Enter. Ku ɗora maus kan Ethernet ku danna dama, ku zaɓi Properties, sai Internet Protocol Version 4, sai Properties kuma, sannan Use the following IP address. Kwamfuta ta farko ku ba ta 192.168.50.1, ta biyu 192.168.50.2, layin da ke ƙasa wato Subnet mask duka biyun ku sa 255.255.255.0, sauran gurabe ku bar su fayau. Ku lura ɗigo ne tsakanin lambobin, ba waƙafi ba. In kun ba su lamba iri ɗaya sak ba za su ga juna ba har abada. Gaskiya ko ba ku sa komai ba Windows kan ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, amma ni na fi so ku sa da hannunku, saboda lambar da kuka rubuta da kanku ita za ku tuna lokacin da ake buƙatarta.

Adireshi ya samu, saura izini. A duka biyun ku rubuta advanced sharing a wurin bincike, ku buɗe, ku kunna Network discovery da File and printer sharing. Wani abu da ke ɗaure wa mutane kai shi ne Windows tana ɗaukar irin wannan haɗin a matsayin baƙuwar hanya wadda ba ta sani ba, sai ta jefa shi ɓangaren Public, don haka in kun kunna a Private kaɗai za ku ga shiru, a Public ɗin ma sai kun kunna.

Kafin ku ci gaba ku gwada. A ta farko ku buɗe cmd, wato baƙin allon rubuta umarni, ku rubuta ping 192.168.50.2, in kun ga Reply from har sau 4 shikenan suna jin juna. In kun ga Request timed out ku koma ku duba lambobin ɗaya bayan ɗaya da abin da kuka kunna yanzu. Za ku ji masu cewa a kashe firewall, wato katangar tsaron kwamfuta, gaba ɗaya, don Allah kar ku biye musu, ba sai an kai nan ba.

Sai ku je kwamfutar da kayan suke, ku tara su a folda ɗaya, ku danna dama a kanta, Properties, Sharing, Share. Foldar nan kaɗai za ku buɗe, kar ku buɗe dukkan C, wato babban rumbun ajiyar kwamfutar, akwai sirrinku a ciki da fayilolin da kwamfutar ke rayuwa da su. In kwasa kawai za a yi ku bar izinin a Read, ta haka wanda ke can ba zai iya goge muku komai ba ko da kuskure. A ɗaya kwamfutar ku sake danna Windows da R ku rubuta \\192.168.50.1 idan kayan a ta farko suke, layukan nan biyu masu jingina baya ne. Za ta tambayi suna da kalmar sirri, na kwamfutar da ke riƙe da kayan take nema ba na wadda kuke zaune gabanta ba, kuma lambar PIN da kuke buɗe allo da ita ba ta aiki a nan, sai ainihin kalmar sirrin. Asusun da ba shi da kalmar sirri sam Windows ba ta barin a shige shi ta waya, sai kun sa masa.

Folda ta bayyana, ku yi Copy, kar ku yi Cut, ku bar na asali a wurinsa har sai kun buɗe waɗanda suka iso kun ga lafiyarsu. Idan duka ramukan gigabit ne za ku ga wajen mega 110 a daƙiƙa, giga 50 kenan cikin minti 8 ko kusa, in kuwa ɗaya tsohon rami ne mai megabit 100, wato kashi ɗaya cikin goma na gigabit, gudun zai sauko wajen mega 11, aikin ya haura awa ɗaya. Dubban ƙananan hotuna sun fi babban bidiyo ɗaya jan lokaci, kuma ku hana kwamfutocin yin barci a tsakiyar aiki.

Da kun gama ku cire rabon foldar, ku kashe abin da kuka kunna a Public, sannan ku koma inda kuka rubuta adireshi ku mayar da shi Obtain an IP address automatically a duka biyun, in ba haka ba ranar da kuka soka wayar a rauta, wato na'urar da ke raba intanet, intanet ba zai zo ba.