Kifin roba na teku yana aiki a ruwan daɗi

Salama alaikum 'yan uwa masu fatsa. Wannan kifin robar da ake kawowa daga Kwatano da Lome, wanda aka yi don kamun kifin teku, kar ku raina shi don babu teku a Damagaram. A Amurka ma da shi wasu ke kama kifinsu na tafki mai suna bas, kifi mai farauta ba ya tambayar inda aka ƙera abu, motsi kawai yake bi. Mu nan giwan ruwa ce daidai da bas, idan kun leƙa kogin Isa wajen Yamai ko tafkin Chadi.

Amma a lura, ruwan gishiri ya fi namu nauyi, shi ya sa robar tana saurin nutsewa a ruwan daɗi, in ka yi sanyin hannu wajen ja sai ta kwanta cikin laka ko ta maƙale a ciyawa, kuɗinka sun tafi kenan. Ka ɗauki ƙarama, kamar santimita 8 zuwa 10, ka cire ƙugiyar nan mai baki uku ka sa guda ɗaya siririya. Ruwa in ya yi jawur bayan damina, mai ƙyalli ko mai ƙara kacau-kacau ta fi. Ka jefa ta da asuba ko gab da magariba.

Ƙugiyarta ba ta saurin tsatsa, wannan kam na yaba.

Masu zuwa tafkin Gidimuni neman tarwaɗa, ku riƙe tanarku, ita wari take bi. Karfasa kuwa bakinta ma bai kai ba.