Kurakuran da ayarin motoci ke yi a tafiyar daji da kwanan tanti

Da damina ta ɗauke, matasan Bauchi da Gombe kan haɗa motoci uku ko huɗu su nufi daji, wasu Yankari, wasu duwatsun Tula ta wajen Kaltungo, wasu bakin ruwan Dadin Kowa. Tafiyar akwai daɗi, sai dai yawancin wahalar da ake sha daga tuƙi irin na kwalta take fitowa.

Yashi ne ke fara kunyata direba. Mota ta kafe a busasshen rafi, sai ya danna totur, tayoyi su yi ta haƙa har cikin motar ya zauna a ƙasa. Da ka ji ta fara nutsewa, ɗaga ƙafarka. A kwashe yashin gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa itace ko tabarmar mota, a fita a hankali. Abin da ya fi shi ne tun kafin a shiga a sa giyar taya huɗu, a rage iskar tayoyi daga 32 zuwa wajen 20 a ma'aunin iskar taya (PSI), domin taya mai laushi ta fi shimfiɗuwa a kan rairayi. Amma kada a rage in babu famfo a mota. Babu mai faci a dokar daji, kuma taya maras iska da gudu a kan burji fashewa take yi.

Wajen janyo motar da ta kafe, kada a ɗaura igiya a bamba. A nemi ƙugiyar da aka yi don haka a jikin shasi, kowa kuma ya ja baya, domin igiyar da ta tsinke tana iya kashe mutum.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne kafa tanti a cikin kwari ko gindin kwazazzabo. Wurin yana da yashi mai laushi da inuwa, ga shi iska ba ta bugunsa, shi ya sa yake jan mutane. To, a farkon damina da ƙarshenta ana iya tafka ruwa a kan tudu mai nisa, samanku tas da taurari, cikin dare ya gangaro da itatuwa da duwatsu. A hau tudu. A hunturu kuma kada sanyi ya sa a shigar da garwashin gawayi cikin tanti a rufe; iskar da yake fitarwa ba ta da wari, mutum yana barci take ɗauke shi. Haka ajiye mota a kan busasshiyar ciyawa, zafin salansa kaɗai ya isa ya tayar da gobara.

Ruwan sha, kowane mutum a ware masa aƙalla lita 5 a rana, ban da na girki, alwala da lagireto.

Sai maganar ayari. Na gaba ya yi ta gudu, na baya taya ta fashe masa, ga babu sabis. Kowane direba na bayansa zai riƙa dubawa. In an zo mararraba ya tsaya sai ya hango shi. A naɗa madugu guda, motar da ke da kanikanci da safaya ta zauna a ƙarshe.

Kafin a sauke kaya a je a gaida mai unguwa ko dagaci, a tambaye shi lafiyar hanya da inda ba a kwana. A Yankari ba a shiga daji sai da ɗan rakiya, kuma birran sansanin Wikki, wato masaukin baƙi na cikin Yankari, sukan wawushe abinci daga motar da aka bari a buɗe, don haka a ɗaga gilashi.