Darasi na Bakwai: Farashin da Ke Kan Kanta Shi Ne Farashi

A kasuwa mun saba da tayi. Mai kaya ya faɗi kuɗi, ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama, wani lokaci har da gyara. A babban kanti ba haka ake yi ba. Ba mai tsayawa ya yi ciniki da kai. Takardar da aka liƙa a jikin kanta ita ce bakin mai kaya, don haka wanda ya iya karanta lambobi shi ne ya iya taya.

Abu na farko da za ku riƙe: kuɗin da aka rubuta a gaban kaya shi ne kuɗin da za ku biya. Wannan doka ce a Najeriya. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasa a kasuwanci da kare masu saye, ta wajabta wa mai kanti ya bayyana farashin kayansa, ta kuma hana shi karɓar fiye da abin da ya rubuta. A watan Fabrairu 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Garki, Abuja, saboda farashin kan kanta ya saɓa da wanda ake karɓa a wurin biya. Idan kun ga ₦1,800 a kanta, na'ura ta buga ₦2,100, ku yi magana cikin ladabi: "Malama, ga abin da aka rubuta can, a duba mini." Ba rowa ba ce, ba kuma ƙauyanci ba ne. Guminku ne.

Sai maganar rangwame, inda aka fi yi wa mutane rufa-ido. Za ku ga an rubuta da jan alƙalami: 20%. Wannan alama tana nufin kashi 20 cikin 100, wato a kowace naira ɗari an rage ashirin. Kayan ₦5,000 ya koma ₦4,000 ke nan. Lissafin mai sauƙi ne: ku raba kuɗin gida goma, kowane gida shi ne kashi 10. Gida ɗaya na ₦5,000 shi ne ₦500, gida biyu ₦1,000, sai ku cire.

Amma a nan akwai tambayar da ta fi lissafin muhimmanci: daga nawa aka rage? Wani zai ɗauki kayan da jiya yake sayarwa ₦5,000, ya rubuta ₦6,500, ya ja layi a kai, ya sa ₦5,000 a ƙasa, ya ce ya yi rangwame. Bai rage ko kwabo ba. Wannan algus ne, ɗan'uwan tauye mudu, kuma abin yana ɓata mini rai domin mai ƙaramin ƙarfi ne ke faɗawa ciki, shi da ya zo neman sauƙi. Maganinsa shi ne ku san farashin kayan da kuka saba saye. Ku riƙa rubuta shi a bayan littafinku: sukari, man gyaɗa, taliya, sabulu.

Girman leda ma yana ruɗi. Garin sabulu giram 500 a ₦1,000, babba mai kilo 1 a ₦2,300. Kilo ɗaya giram 1,000 ne, wato ƙanana biyu, kuma ƙanana biyu ₦2,000 ne. Babban ya fi tsada da ₦300.

Kayan ci da magani idan suka yi araha da yawa, ku juya gwangwanin ku nemi haruffan EXP, da lambar NAFDAC. EXP 03/2026 yana nufin wa'adin kayan ya ƙare a wata na uku, Maris, na 2026. Ba laifi mai kanti ya karya farashin kayan da wa'adinsa ya kusa, in dai bai ɓoye ba. Ku dai ku tambayi kanku ko gidanku zai cinye kafin ranar.

Kada ku fita ba rasit. Ku tsaya gefe ku karanta shi layi-layi kafin ku bar ƙofa, domin da shi za ku mayar da kaya, da shi kuma za ku kai ƙara.

Aikin gida: bargo na ₦8,000 an yi masa rangwamen 30%. Nawa za ku biya? Sannan kowa ya zo da rasit ɗaya mako mai zuwa, mu karanta tare.