Yadda Ake Amfani da Zane Wajen Koya wa Yara Rubutun Insha'i

Duk malamin da ya taɓa ba 'yan aji biyar na firamare aikin insha'i ya san cewa yaron da zai cika maka kunne da labarin kasuwar garinsu, da zarar an miƙa masa biro da takarda sai ya yi jimla biyu ya tsaya, ko kuma ya zubo komai a sakin layi guda ba kai ba gindi. Yaron yana da abin faɗa, abin da ya rasa shi ne hanyar jera shi. Amfanin zanen tsara tunani ke nan, domin yana sa yaro ya ga siffar rubutunsa da idonsa tun kafin ya rubuta jimlar farko, kuma ba ya buƙatar komai fiye da allo da alli da littafin rubutu.

Ya kamata a fara da sakin layi ɗaya kafin a kai ga cikakken insha'i. A makarantun Amurka ana yawan kwatanta sakin layi da burodin da aka raba biyu aka cusa nama a tsakiya, amma a ganina murhun duwatsu uku ya fi dacewa da yaranmu, tun da kullum suna ganinsa kuma sun san abin da ke faruwa idan aka janye dutse ɗaya. Malami ya zana tukunya bisa duwatsu uku a allo, sannan ya rubuta babbar jimla a cikin tukunyar, misali: "Bishiyar kuka tana da amfani ga mutanen karkara." Daga nan sai ya tambayi yara abin da zai riƙe wannan magana don kada ta kife. Wani zai ce ana busar da ganyenta a daka a yi miya, wata za ta ce ana dama garin 'ya'yanta a sha da nono, wani kuma zai tuna cewa ana tufka igiya da ɓawonta. Kowace amsa sai a ba ta dutse guda, a rubuta ta da kalma biyu ko uku kawai.

Ba za a rasa yaron da zai ce akwai wata ƙatuwar kuka a bayan gidan kakansa ba. Kada malami ya kore maganar da kansa. Ya tambayi ajin ko wannan dutsen zai iya riƙe tukunyar da aka ɗora. Idan yaran suka gano da kansu cewa maganar gaskiya ce amma ba ta nuna amfanin kuka ba, to sun koyi abin da ya fi komai wuya a rubutu, wato barin abin da bai shafi jigo ba, ko da kuwa yana da daɗin faɗa.

Ba kowane irin insha'i ne murhu zai yi wa daidai ba, don haka siffar zanen ta bi nau'in rubutun. Insha'in labari da na bayanin yadda ake yin wani abu sun fi son tsani, inda kowane mataki ke ɗauke da abu guda. Idan batun shi ne yadda ake yin ƙuli-ƙuli, matakan za su tashi daga suyar gyaɗa da murje ta, zuwa niƙa, da matse mai, da mulmula tunkuza, har a kai ga toyawa. A gefen tsanin sai a rubuta kalmomin haɗi kamar "da farko", "bayan haka", "daga nan" da "a ƙarshe", domin yaro ya daina jera "sai" sau goma a shafi ɗaya.

Idan kuma kwatanta abu biyu ake so, akwai da'irori biyu masu shiga juna, waɗanda wani masanin lissafi na Ingila mai suna John Venn ya gabatar a shekarar 1880. A sa gero a da'irar dama, dawa a ta hagu. Gero yana nuna da wuri kuma da shi aka fi yin fura, dawa kuwa tana jira har ƙarshen kaka. A tsakiya inda da'irorin suka haɗu sai a rubuta cewa dukansu hatsi ne da ake shukawa da damina, ana kuma tuƙa tuwo da dama kunu da su. Wuri uku ke nan a zanen, sakin layi uku a insha'in. Shi kuwa zanen saƙar gizo, wanda ake sa jigo a tsakiya a ja layuka zuwa gefe, yana da kyau wajen tattaro tunani, sai dai ba ya nuna abin da zai fara zuwa, saboda haka dole a sa yara su saka wa rassan lamba 1, 2, 3 kafin su soma rubutu.

Inda malamai da yawa ke tuntuɓe shi ne ƙetarawa daga zane zuwa jimla. Ana ɓata darasi na minti 40 cif ana ƙawata da'irori, ƙararrawa ta buga, a ce yara su je gida su rubuta. Abin da ya fi shi ne a taƙaita zanen zuwa minti 10, sannan malami ya ɗauki dutse ɗaya ya mayar da shi cikakkiyar jimla da baki, yara biyu ko uku su gwada na biyun, kowa kuma ya rubuta na ukun a littafinsa. Duk dutsen da aka yi amfani da shi sai a soke shi, don kada a maimaita. A aji mai cunkoso, yaran da ke benci ɗaya za su iya yin zane guda tare, amma kowa ya rubuta nasa sakin layin.

Bayan sun saba, murhu uku a jere sun zama gundarin insha'i, a ƙara gabatarwa a sama da kammalawa a ƙasa. A wannan lokaci ne kuma ya kamata a fara sassauta ƙa'idar duwatsu uku, domin wata maganar hujja biyu sun ishe ta, wata kuma sai biyar, kuma yaron da aka bari da adadi ɗaya zai riƙa ƙirƙiro dutsen ƙarya don cika gurbi. Da farko malami ne ke zanawa yara su cika, daga baya su zana da kansu, har a kai ga yaro ya zaɓi siffar da ta dace da jigon da aka ba shi ba tare da an gaya masa ba. Wanda ya kai nan, ranar da ya zauna jarrabawar NECO ko WAEC a gaba, minti biyar sun ishe shi ya yi ɗan zanensa da fensir kafin ya fara amsa tambayar insha'i.